Ruwan Da Ya Wuce Gwiwa

Shekaru da dama na yi ina koya wa 'ya'yan mutane labarin ƙasa a wata sakandare da ke arewacin Daura. Na zana Bahar Maliya a allo har na daina duba littafi: dogon tsagi ne siriri, kamar an ja wuƙa tsakanin ƙasa biyu. Da Allah ya kawo ni Jidda na tsaya a bakinta, sai na tarar ba ta san ni ba. Wannan ne darasin farko da garin ya koya min, kuma shi kaɗai ya koya min kyauta.

Zangona na farko unguwar Bagdadiyya ce, a wani ofis da ke saman bene. Nan kafilina yake, wato mutumin da sunansa ke kan takarduna, wanda ya sayar min da bizar aikin da babu shi. Teburi ɗaya gare shi, da butar shayi, da fara'a mai yawa. Ya ce in je in nemi abin yi da kaina, in iƙamata ta kusa ƙarewa in dawo ya sabunta. Iƙama ita ce katin zama. Mai ita mutum ne, marar ita kuwa inuwa ce da ke yawo da takalmi. Da lokaci ya yi na koma, sai na tarar ofishin ya zama shagon sayar da rigunan waya. Na shiga tambayar maƙwabta da Larabcina na littafi, wanda na sha bulala kafin in iya shi. Suka taru suna saurare kamar an kunna musu rediyo. Ɗaya ya ce da sauran, "Ku bar shi ya ƙarasa huɗubar." Babu wanda ya san inda mutumin ya yi.

Katin ya mutu a aljihuna. Da mataccen kati ba a ba ka izinin fita ka dawo. Hanya ɗaya ce ta rage, ka miƙa kanka gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, a kai ka gida a rufe maka ƙofar dawowa. Aikin koyarwa na riga na ajiye shi, kuma abin da nake turawa shi ke riƙe da gidana da maganin mahaifiyata. Ita kuwa Inna tsufa ya kama ta, idonta ya tafi. Duk sanda na kira ƙanwata Rabi, wadda ke jinyarta, sai ta rage murya ta ce, "Yaya Sani, in da hali ka zo ka gan ta. Ban ce wani abu ba, amma ka zo."

Zango na biyu Sharafiyya. Ɗaki ɗaya muke da mutanen da ban san su ba, wasu daga Maraɗi, wasu daga Kano, muna karɓa-karɓar katifa kamar masu gadi. Na yi dako, na wanke motoci, na kwashe ɓaraguzan gini. Na koyi tafiyar marar takarda: kada ka yi sauri, kada ka yi sanɗa, kada ka kalli motar sintiri, kada kuma ka nuna ba ka kallonta. Da wannan ilimi yana cikin manhaja, da na ci shi da daraja ta ɗaya.

A masallacin unguwar na haɗu da Bakur. Haifaffen Jidda ne, kakansa ya taho aikin hajji a ƙasa tun zamanin da, bai koma ba. Bakur bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma yana da tabbacin cewa duk cikinta kogi ne da itacen mangwaro. Hausarsa kamar fate take, rabi tsaki rabi ganyen Larabci. Direba ne a gidan wani dattijo mai suna Ammu Salih, can arewacin gari wajen bakin teku.

"Ya Ustaz," ya ce min wata rana, "akwai shugul. Masbah ne a bayan gida, ya lalace. Ka gyara shi kafin a yi hutun makaranta jikoki su zo. In ka yi, wallah Ammu Salih zai ɗauke ka haris, ya mayar da kafalarka kansa, ya biya tara, ya raya maka iƙama. Halas, shi ke nan, ka je ka ga umminka ka dawo."

Shugul aiki ne, masbah shi ne kwamin iyo, haris kuma mai gadi. Ban tambaye shi komai ba. Wanda ƙishirwa ta kama ba ya tambayar wa ya haƙa rijiyar.

Abin da na tarar a bayan gidan ya fi kama da miyar kuka da ta kwana biyu. Ruwan kore shar, gansakuka ta yi masa bargo, tsutsar sauro na wasa a ciki, ga mushen tattabara yana shawagi a tsakiya kamar shi ne mai gidan. Ba a zubar da irin wannan ruwa a titi, don yanzu maƙwabta su kira hukuma, ni kuwa ba na son ganin hukuma ko a mafarki. Sai aka kira wayit, wato tankar ruwa, ta zuƙe shi. Da ƙasa ta bayyana na ga siffar abin: matakala a gefe ɗaya, daga nan ƙasan ya yi ta gangara har inda tsayinsa ya shanye mutum da hannunsa a ɗage.

Na shiga da buroshi da asid. Asid ɗin nan ba ya bambanta gansakuka da fatar malamin makaranta. Kafin in gama bango ɗaya tafin hannuna ya yi fari ya tsattsage, hayaƙinsa kuma ya riƙe min maƙogwaro. Zafin Jidda ba irin namu ba ne. Namu yana gasa mutum, nasu dafa shi yake yi, da murfi a rufe. A cikin ramin nan farin tayil yana maido maka da rana daga ƙasa, ka rasa ta inda za ka kare. Direban tankar, wani Basudane dogo mai suna Usman, ya leƙo ya ga hannuna. Washegari da ya biyo ta layin sai ya jefo min safar hannu ta roba da ɗan gwangwanin man shafawa, ya ja motarsa kafin in gama godiya.

Bayan wanki sai cike tsagogin tayil da farin siminti, layi bayan layi, a durƙushe. Sai tankin tace ruwa, wanda cike yake da yashi. Na kwashe tsohon yashin da ya dunƙule, na zuba sabo da aka sayo a buhu. Na daɗe ina kallon buhun nan. Ni da na baro garin da yashi ke shigo mana har cikin tuwo, ga ni a ƙasar da hamada ta kewaye, ina yanka buhun yashin da aka biya kuɗi aka saya.

Ammu Salih yakan fito da hantsi, ya zauna a ƙarƙashin laima da dabino a faranti. Ranar farko da na gaishe shi da Larabcina na jira dariya, ba ta zo ba. Sai ya gyara zama ya amsa min da irinsa, har da ƙarshen kalmomi. Ya ce rabon da ya ji wannan harshe a bakin mai rai, ban da liman, ya manta. Daga nan kullum sai ya kira ni in fito in ci dabino. Ya tambaye ni Kogin Kwara, ni kuwa aka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Na ɗauko shi tun daga duwatsun da ya ɓuɓɓugo, na bi da shi ta Tumbutu, na karkato da shi kudu, na haɗa shi da Binuwai, na kai shi teku. Ban gaya masa cewa sau ɗaya na taɓa ganin kogin ba, ta tagar mota a kan gada, shi ma rabinsa barci nake yi. Bai tambaya ba. Ya dai gyaɗa kai ya ce, "Bakur ya yi gaskiya, kai ɗan ruwa ne."

Da ya shiga gida na tare Bakur a gareji.

"Me ka gaya masa?"

"Wallah ba komai. Na ce kai ɗan bakin kogi ne, kana iyo kamar samak."

"Kamar me?"

"Kifi, ya Ustaz, kifi."

Nan ya warware min abin da ya kamata in tambaya tun farko. Bara ƙaramin jikan Ammu Salih ya faɗa masbah ɗin nan babu kowa kusa, da kyar aka ceto ransa. Shi ya sa aka kulle wurin aka bar shi ya ruɓe. Bana yara suka dame shi da kuka, ya yarda a buɗe, bisa sharaɗi ɗaya: a sami babban mutum mai sallah, mai kawar da kai daga iyali, wanda zai zauna a bakin ruwan, in yaro ya nutse ya faɗa ya ɗauko shi. Ranar da aka cika shi zai gwada ni da idonsa.

Na ce, "Bakur, ban iya iyo ba."

"Ma fi mushkila, babu matsala. Sahal ne, da sauƙi. Ga masbah a hannunka, ana zuba ruwa kana koyo. Ni zan nuna maka."

"Ba rashin iyawar ba ne kaɗai. An hana ni."

"Wa? Dakta?"

"Inna."

Ya dube ni, ya dubi furfurar da ke gemuna, ya fashe da dariya har yana dafa mota.

Ga yadda abin yake. Ina da wa, Lawal, ɗan farin Inna. A garinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta san yana gidan. Kunya ce, haka aka gada. "Wancan" take ce masa, ko "yaron nan". In ta zuba masa tuwo sai ta ba ni in kai, tana kallon wani wuri, amma ni na san malmalarsa ta fi tawa. Wata damina, ina ɗan shekara bakwai ko takwas, kududdufin bayan gari ya cika, yara suka tafi wanka. Aka dawo da Lawal a kafaɗa. Matan gida suka ɗora hannu a ka, maƙwabta suka cika tsakar gida da kururuwa. Inna tana tankaɗe a ƙofar ɗakinta, ta ci gaba da tankaɗe. Ba a ga hawayenta ba, domin uwar ɗan fari ba ta da wannan izini. Har aka kai shi aka dawo rariyar na hannunta, ko da yake garin ya daɗe da ƙarewa.

Da mutane suka watse ta kira ni. Ta durƙusa, ta kama gwiwata da hannunta mai gari, ta matse har na ji zafi. Ta ce, "In ka shiga ruwa ya wuce nan, ban yafe maka ba." Iyakar abin da ta taɓa faɗi game da mutuwar ke nan. Wannan magana ita ce kukanta, ita ce zaman makokinta. Na girma, na yi karatu, na koyar da tekuna biyar, ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba.

Bakur ya daina dariya, amma bai sauka daga ra'ayinsa ba. "Allah yarhamu. Amma ya Ustaz, umminka tana Najeriya, ba ta gani ma. Wa zai gaya mata? Ni? Masbah?"

Na je wurin wani malami a Sharafiyya, ya saurare ni, ya ce manufar uwa kariya ce, koyon iyo kuma kariya ne, ga larura a fili, saboda haka babu laifi a kaina, sai dai neman izininta ya fi. Duk wannan na sani, da ni aka tambaya haka zan ce. Amma hannun da ya matse min gwiwa ba fatawa ya nema ba.

Na yanke shawarar zan roƙe ta ta janye. Kafin nan kuma, don kada lokaci ya tafi a banza, na fara koyon iyo a busasshen kwami. Na nemo masu koyarwa a waya, na kalla, na fahimci ƙa'idar sarai, har zan iya rubuta jarrabawa a kai. Da rana tsaka, sanda gidan ke barcin azahar, sai in kwanta rubda ciki a kan tayil mai zafi, ina jan iska da hannu, ina harba ƙafa, ina juya kai in shaƙi numfashi kamar yadda aka ce. Wata rana na ɗaga ido na ga kyanwar gidan a bakin kwamin tana kallona. Na sha ganin irin wannan kallo a fuskar sufeton makarantu.

Aka fara zuba ruwa. Da yake lokacin zafi ne kowa na neman tanka, sai an bi layi, don haka ba rana ɗaya aka cika shi ba. Tankar farko ta taru a can ƙasan gangara, iyakar idon sawu. Na shiga na tattaka, har na ji daɗin sanyin. Ta biyu ta kawo shi ƙwauri. Daga nan ruwan ya fara hawowa gangaren yana biyo ni, ni kuma ina ja da baya da buroshina. Na sha koya wa yara yadda Tafkin Cadi ke janyewa yana barin mutane a tsaye. A nan tafkin ne ke matsowa, malamin ke janyewa. Kullum filin da nake iyon tudu a kansa yana raguwa, har ya zama babu inda zan kwanta.

Na yi ta ɗaga kiran, yau in ce sai ta ji sauƙi, gobe in ce sai na shirya maganata. Ranar da ruwa ya taɓo gindin matakala na zauna a kan ta sama, na kira Rabi, na ce ta sa wa Inna wayar a kunne.

"Inna, ina wuni?"

"Sani ne? Lafiya lau. Ya zafi? An ce garin naku wuta ne."

"Da sauƙi, Inna. Ya jikin?"

"Jiki ya yi kwana. Ka ci abinci?"

Na ce na ci. Sai na fara, yadda na tsara, daki-daki kamar darasi. Na gaya mata na sami wani dattijon kirki. Na ce zai gyara min takarda in zo gida in gan ta. Ta ce Allah ya saka masa, ya jiƙan mahaifansa. Na ce aikin gadin yara ne. Ta ce yara amana ne, in riƙe da kyau. Na ce a bakin ruwa ne.

Ina jin kaji a tsakar gidanmu, da wani yana sara itace can nesa.

"Ba kogi ba ne, Inna. Ba kududdufi ba ne. Kwami ne na siminti a cikin gida, ana ganin ƙasansa tar, ni na wanke shi da hannuna. Akwai matakala. Akwai mutane. So nake ki janye maganar nan, ko na wannan aikin kaɗai."

"Ya wuce gwiwa?"

"Ya wuce."

Na ji muryar Rabi daga gefe. "Inna, don Allah. Mutum da furfurarsa. In bai shiga ba fa ba zai samu zuwa ba. Ba kya son ya zo?"

"Ke, rufe min baki, ba da ke nake ba."

Na ce, "Gaskiya ta faɗa, Inna. In ban shiga ba babu takarda. In babu takarda ban san ranar zuwana ba."

Sannan ta yi magana, a hankali, ba da faɗa ba.

"Lawal ma da zai fita cewa ya yi iyakarsa gwiwa."

Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Rabi ma ba ta taɓa ji ba, na ji ta ja numfashi ta ce innalillahi. Shekara arba'in sunan na cikin bakin tsohuwar nan a rufe, sai yau ta fito da shi, ta ajiye a gabana. Duk hujjojin da na jero, da larura da manufa da sauran kayan malamai, suka bi iska.

"Na ji shi ta taga," ta ce. "Ban ce masa kada ya je ba. Ba a magana da su a gaban mutane. Kai kuwa na gaya maka." Ta yi tari, Rabi ta ba ta ruwa. "Wanda ke nesa ana sa ransa, Sani. Bar ni in yi ta sa ranka."

Na ce to, Inna.

Na ƙarasa aikin, domin ban san yadda ake barin aiki a tsakiya ba. Tankar ƙarshe ta cika shi har baki. Na tayar da injin, na zuba kulorin, na riƙa ɗiban ruwan a 'yar kwalba ina ɗiga magani ina gwada launinsa da na jikin kwali, har ya tsaya inda ake so. Na kwashe ganye da raga mai doguwar sanda. Ruwan ya kwanta shuɗi, garau, kana iya ƙirga tayil ɗin can ƙasa. Ban taɓa yin aikin da ya yi kyau kamarsa ba, har da ɗaliban da na yaye.

Ranar gwaji Juma'a ce bayan la'asar. Jikoki sun iso, ina jin hayaniyarsu a cikin gida, an hana su fitowa sai an gama. Ammu Salih ya zagaya kwamin yana ta masha Allah. Sannan ya ɗauko wani zoben roba mai nauyi, irin na wasan yara, ya jefa can wuri mai zurfi. Muka bi shi da ido har ya kwanta a ƙasa.

"Bismillah, ya Ustaz."

Na naɗe wandona. Har yanzu ban san dalilin da ya sa na sauka ba, wataƙila so nake in ga iyakar da idona. Na taka matakala, ruwan ya kama idon sawuna. Na ƙara, ya kama ƙwauri. Na ƙara, ya zo ya tsaya daidai ƙoƙon gwiwa, da sanyinsa, a wurin da ta matse.

Bakur ya durƙuso a bakin kwamin yana raɗa min da Hausa. "Yalla, faɗa kawai. Wallah ina nan, in ka nutse ni zan fiddo ka. Zuciya yake son gani, sauran mu koya maka a sati ɗaya. Ya Ustaz, taki ɗaya ne. Umminka fa za ka gani."

Gaskiya ya faɗa, taki ɗaya ne. Na dubi matakalar da ke gaba, tana nan fes, ni na cike tsagoginta. Babu mai gani sai mu uku da kyanwa.

Na juyo na fuskanci Ammu Salih, ina tsaye a cikin ruwansa, na gaya masa komai da Larabcin da yake so. Ban taɓa zuba shi da kyau kamar ranar ba, ko kuskuren wasali ban yi ba. Ya saurara har na kai aya. Ya miƙo hannu ya jawo ni waje, ya kama kaina ya sumbata, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce mahaifiyata ta haihu. Ya ce da 'ya'yansa za su riƙe maganarsa rabin haka, da ya mutu da murmushi.

Na ga ƙofar sa'a ta ɗan buɗe, sai na sa ƙafa. Na ɗauko ragar nan mai doguwar sanda, na zura, na kamo zoben, na ajiye masa a gabansa yana ɗiga. Na ce sandar tana kaiwa ko'ina a cikin kwamin, na auna.

Ya dubi zoben, ya dube ni. "Yaro ba ganye ba ne, ya Ustaz," ya ce. "Kuma uwar jikana ita ma uwa ce."

Ni ma da ni ne kakan haka zan ce. Ya sallame ni da alheri fiye da yadda muka yi, ya haɗa min da kwalin dabino. Kafala kuwa, guri ɗaya gare shi na mai gadi, kuma wani saurayi ɗan Indunusiya ya samu, wanda aka ce tun kafin ya iya tafiya yake iyo. Ranar da saurayin ya kama aiki, ina ɗaure kayana a gareji na ji an buɗe wa yaran ƙofa, na ji faɗawarsu ɗaya bayan ɗaya, da ihu, da dariya. Ruwan ya yi musu daidai. Bakur ya mayar da ni Sharafiyya, da zan sauka ya ce, "Wallah ban gane ku ba, 'yan Najeriya." Ya rungume ni, ya ja mota.

Ina nan inda nake. Na koma wankin motoci, sana'ar da ruwanta bai wuce bokiti ba. Katin yana aljihuna, ina ɗauke da shi kamar yadda ake ajiye hoton mamaci. Duk Juma'a ina kiran gida. Muryar Inna tana ƙara sirancewa, wani lokaci sai Rabi ta maimaita min abin da ta ce. Rabi ta daina cewa in zo. Ita ma Inna ba ta tambayar yaushe. Tambayarta ɗaya ce, tun kafin mu gama gaisawa.

"Ba ka shiga ba ko?"

"Ban shiga ba, Inna."

"Allah ya yi maka albarka."

In ce amin. Albarkar nan tana nan ina ta tarawa, mako bayan mako, ta fi ƙarfin ɗakin da muke kwana. Na bincika, babu filin jirgin da ke karɓarta a madadin takarda.